Buhun Waje da Mudun Gida

Akwai wata magana da muke yawan faɗa a majami'unmu na Burkina Faso, har yara ƙanana sun haddace ta, cewa ikilisiya iyalin Allah ce. Maganar ba ta yau ba ce. Bishop-bishop na ƙasar nan suka ɗauke ta a shekarar 1977, tun ƙasar tana amsa sunan Haute-Volta, a zamanin Kadinal Paul Zoungrana, suka mai da ita tafarkin aikinsu. A kanta aka kafa ƙananan ƙungiyoyin masu bi na unguwa-unguwa. A shekarar 1994 kuma, babban taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma ya karɓe ta domin nahiyar duka. Ni ma na koyar da ita ga masu shirin baftisma sau ba adadi. Abin da nake so in yi a nan shi ne in ɗora maganar nan bisa ma'auni, in ga ko aikinmu ya yi nauyinta. Gama ba ranar biki ake gane iyali ba, sai ranar da tukunya ta kwana a kife.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

Wata tsohuwa gwauruwa ta zo Wagadugu daga arewacin ƙasar nan, tana gudun tashin hankali, da jikoki biyu. Ta samu wani ɗaki da ba a gama ginawa ba a bayan gidan wani mahauci. Watanni tana zuwa sujada, tana zama can baya kusa da ƙofa. Hausa take ji da Fulatanci, ba ta jin harshen More, ba ta jin Faransanci. Aka kawo mana buhunan hatsi na taimako, aka yi sanarwa da More da Faransanci, aka rubuta sunaye, aka raba, aka share wuri. Ba ta samu ko tsaba ɗaya ba. Bayan haka zazzaɓi ya kama ƙaramin jikanta. Matar mahaucin nan, Musulma, ita ta goya yaron zuwa asibiti, ita ta biya abin da ya kamata a biya.

Da labarin ya iso ni, na je gaishe ta. Na ce, “Inna, don me ba ki zo wajen rabo ba?” Ta ce, “Malam, na ga ana rabo. Ai na ɗauka na 'yan gida ne.”

Ban sami abin amsa mata ba. Ni ne katekis, ni ne mai jin Hausa, ni nake tsayawa a ƙofa ina gaisawa da mutane kowace Lahadi. Laifin nawa ne kafin ya zama na kowa. Saboda haka duk sukar da za ku karanta a nan, kaina na fara yi wa.

Yadda hannun hukuma ya riƙa janyewa

Domin mu gane inda muke, sai mu tuna inda muka fito. A ƙarshen shekarar 1984, zamanin Thomas Sankara, aka yi wa yara fiye da miliyan 2 allurar rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara cikin mako biyu kacal. Iyayenmu sun ga abin da hukuma take iya yi idan ta sa kanta. A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, suka amince da wani tsari wanda a cikinsa mara lafiya zai riƙa biyan wani abu domin ƙananan asibitoci su iya sake sayen magani. A 1991 ƙasarmu ta sa hannu a shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, wanda ma'anarsa ga talaka ita ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake saye Sefa 50 ya koma Sefa 100 a dare ɗaya. Ina yaro a lokacin, amma ina tuna yadda manya suke tsayawa a gaban mai sayar da magani da takardar likita a hannu, suna tambayarsa wanne ne ya fi muhimmanci a ciki, domin su sayi ɗaya su bar saura.

Mu mutanen Zango muna da namu tabon dabam. A shekarar 2001 aka ba da sanarwar shirin ZACA, na mai da tsakiyar birni wurin kasuwanci da ofisoshi. A 2003 aka fara rushe gidaje a Zangouettin da Tiedpalogo da Peuloghin da sassan Koulouba da Kamsaoghin. Mutane fiye da 12,000 suka tashi, aka ba masu gidaje filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko. An yi maganar diyyar gini da ta fili. Amma akwai abin da ba a iya biyan diyyarsa, wato maƙwabtaka. Tsohuwar da take cin tuwon gidaje uku a layi ɗaya ta wayi gari gidajen nan uku sun watse gabas da yamma.

Gaskiya ce, an sami sauƙi a wasu wurare. A shekarar 2016 gwamnati ta ɗauke wa mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a asibitocinta, wannan kuwa ya ceci rayuka da yawa. Sai dai tashin hankalin 'yan bindiga ya zo ya rufe ƙofofin da aka buɗe. A watan Maris na 2023 hukuma ta ƙirga mutane fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu. A shekarar 2023 ɗin makarantu fiye da 6,000 suna rufe, wato kusan ɗaya cikin huɗu, ɗaruruwan ƙananan asibitoci kuma ba sa aiki. Ana cikin wannan, a watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, a watan Yuli kuma aka rufe hukumarta ta USAID. Ƙungiyar agaji ta Katolikan Amurka, wadda muka sani da sunan Cathwel, wadda ta ciyar da 'yan makaranta a ƙasar nan shekara da shekaru, tana cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai, gama babban kaso na kuɗinta daga can yake fitowa.

To, ga hannun hukuma ya gajarta, ga buhun waje ya ragu. Yanzu ne za a san abin da yake cikin rumbun iyalin Allah.

Abin da ya cancanci yabo

Ba zan zama butulu ba. Ikilisiya a ƙasar nan ta yi aiki. A ranar 10 ga Mayu 1980, a nan Wagadugu, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi kira ga duniya saboda fari na Sahel, daga kiran nan aka kafa gidauniya a 1984 wadda take taimakon ƙasashe tara da rijiyoyi da aikin gona. 'Yan'uwanmu na ikilisiyoyin bishara sun kafa ODE tun 1972. Katolika suna da OCADES. Asibitocin Saint Camille da Paul VI da Schiphra suna karɓar Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya, kamar yadda asibitin Galmi na Nijar yake yi tun 1950. Ranar 1 ga Satumba 2009, da ruwan sama ya sauka a birnin nan har milimita 263 cikin yini ɗaya, mutane wajen 150,000 suka rasa matsuguni, babban asibitin Yalgado kansa ruwa ya shige shi, makarantu da majami'u suka buɗe ƙofa mutane suka kwana. Duk wannan abin godiya ne ga Allah.

Amma ku lura da abu ɗaya. Yawancin abin da na lissafa aikin manyan ofisoshi ne, da yawansa kuma da kuɗin waje aka fara shi. Tambayata ba ga ofisoshin nan take ba. Tambayata ga ƙaramar ikilisiyar unguwa take, inda ni da kai muke zama a benci ɗaya. A nan nake ganin kurakurai uku.

Kuskure na farko: mun zama 'yan rabo

Shekaru da yawa mun saba da cewa taimako abu ne da yake zuwa a mota, da rubutun Turanci a jikin buhu. Aikinmu shi ne mu rubuta sunaye, mu jera mutane a rana, mu ɗauki hoto domin a aika wa waɗanda suka bayar. Ba na cewa wannan zunubi ne. Mai yunwa ba ya tambayar inda masara ta fito. Amma al'adar nan ta koya mana mugun darasi, cewa talaka nauyin Bature ne. Ranar da mota ta daina zuwa, kwamitin taimako ma ya daina zama, domin a ganinsu babu abin tattaunawa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Jinƙan da muke yi da hatsin wani, idan mai hatsi ya janye, sai tsiraicinmu ya bayyana.

Mu duba lissafin baikonmu da gaskiya. Idan za a sayi sabbin lasifika, ko a yi wa majami'a fenti, ko a ɗinka anko na biki, kuɗi yakan fito nan da nan, har da masu alkawari a gaban jama'a. Idan aka ce asusun marasa lafiya, sai kowa ya tuna shi ma talaka ne. Ashe ba rashi ne kaɗai ya hana mu ba. Mun ɗauki gini da biki a kan namu ne, mun bar mara lafiya a kan na wasu.

Kuskure na biyu: muna jira a zo mana

Rabon da ake yi a ƙofar majami'a yakan kai ga mai ƙafa, mai baki, mai jin harshen sanarwa, da wanda ya san ɗan kwamiti. Wanda ya fi kowa bukata shi ne wanda ba zai zo ba: tsohon da ƙafa ta mutu, makauniyar da ba ta da ɗan jagora, matar da kunya ta hana ta tsayawa a layi domin jiya ita ce mai bayarwa a garinsu, da baƙon da bai san yana da rabo ba.

Wannan ba sabuwar cuta ba ce. A Ayyukan Manzanni sura 6 an ba da labarin gunaguni na farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima. Ba a kan koyarwa ya tashi ba, a kan abinci ne. Gwaurayen masu jin Helenanci ake tsallakewa a rabon yau da kullum. Ba a ce wani ya yi mugunta ba. Masu rabon dai sun fi sanin mutanen harshensu. Manzanni ba su tsawata wa masu gunaguni ba, ba su kuma ce a yi haƙuri ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai domin aikin nan, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato an danƙa rabon a hannun mutanen da suke jin kukan waɗanda aka manta.

Mu Kirista masu jin Hausa a Wagadugu ya kamata mu fi kowa gane wannan sura. A cikin Zango mu 'yan kaɗan ne saboda bangaskiya, a cikin majami'a kuma mu 'yan kaɗan ne saboda harshe. Mun daɗe muna kuka da wannan. Amma watakila Allah ya ajiye mu a tsakani ne saboda irin wannan rana. Waɗanda suka gudo daga arewa da gabas, da yawansu suna jin Hausar kasuwa ko da ba harshen uwarsu ba ne. Mu ne kunnen ikilisiya gare su. In ba mu ji ba, wa zai ji?

Kuskure na uku: muna tambayar takardar baftisma

Na taɓa jin wani dattijo yana cewa, abin bai isa ba, a fara da namu tukuna. Maganarsa tana da dalili, gama wanda ya bar 'ya'yansa da yunwa ya ciyar da na waje bai yi daidai ba. Na kuma san zafin da yake ƙarƙashin maganar. Ba mu manta da Silgadji a watan Afrilu na 2019 ba, inda aka kashe fasto da masu bi, ko Dablo a watan Mayu na wannan shekara, inda aka kashe Fada Siméon Yampa da mutanensa a lokacin sujada. Amma mu tuna, bindigar da ta shiga majami'a ta shiga masallaci ma, limamai da yawa sun mutu, yawancin waɗanda suka gudu kuwa Musulmi ne. Idan muka bar tsoro ya rubuta mana jerin sunaye, masu kisan sun sami abin da suke nema.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wato a ba mutum hatsi da sharaɗin ya zauna ya ji wa'azi, ko a sa masa ido ko zai tuba. Wannan ciniki ne, kuma maƙwabtanmu suna gane shi tun daga nesa. Matar mahaucin da ta goya yaron nan ba ta tambayi kakarsa ko za ta musulunta ba. Ta ga zazzaɓi, ta ɗauki zane.

Abin da Zango ya riga ya sani

Ba sai mun je nesa neman dabara ba. Zango kansa an kafa shi domin baƙo ne. Fataken Hausa masu bin hanyar goro zuwa Gwanja suna sauka a ƙasar Mosawa, mai masauki yana ba su ɗaki da ruwa, yana tsaya musu a gaban sarki, in sun yi ciwo shi ne danginsu. Har yau idan azumi ya ƙare, maƙwabtanmu Musulmi suna auna hatsi a kan kowane kai na gida, har da jariri, su kai wa mabukaci kafin a tafi idi. Ba sa jiran mota. Mata suna da adashi, ana ciyayya tsakanin gidaje, idan an yi rasuwa unguwa ce take dafa abinci. A cikin irin wannan unguwa muka girma, sai muka shiga majami'a muka ajiye iliminta a bakin ƙofa tare da takalma.

Akwai wani misali daga nesa da yake ƙarfafa ni. A Mizoram, cikin duwatsun arewa maso gabashin Indiya, matan ikilisiya sun fara wata al'ada tun wajen 1910. Duk lokacin da mace za ta ɗora shinkafa, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a wani kwano dabam. Ana tarawa, a kai ikilisiya, a sayar, a yi aikin Allah da kuɗin. Talakawa ne suka fara, ana kuma yi har yanzu. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 16, irin wannan tsari ya ba su saboda matalautan Urushalima: kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, kada a jira sai ranar bukata a fara neman tarawa.

Abin da za mu iya yi

Na ɗaya, kowace ƙaramar ƙungiyar unguwa ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu riƙon asiri, su riƙa shiga gida-gida, aƙalla ɗayansu mai jin Hausa ko Fulatanci ko Gurmanci. Su san wa yake kwance, wa ya daina shan maganinsa, wane yaro ne aka koro daga makaranta. Zumunta a ƙafa take. Wannan ba ya cin ko dala.

Na biyu, a kafa mudun gida. Idan gidaje 100 suka riƙa kawo mudu ɗaya ɗaya a wata, mudu 100 ke nan, ya isa ya riƙe tsofaffi da dama daga wata zuwa wata. A kai musu gida da yamma, ba layi, ba hoto.

Na uku, a ware wani kaso sananne daga baikon kowace Lahadi domin marasa lafiya, kada a taɓa shi don gini ko biki. Mutum uku su riƙe shi, a karanta lissafinsa a gaban jama'a kowane wata, ba tare da ambaton sunan wanda aka taimaka ba. Sau da yawa abin da yake kashe talaka ba babban kuɗi ba ne, kuɗin mota ne zuwa asibiti da tsakar dare, ko na gwajin jini.

Na huɗu, a raka mutane. Mace mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 suna da hakkin magani kyauta a asibitin gwamnati, amma baƙuwar da ba ta jin Faransanci ba ta san haka ba. Yaron da aka gudo da shi ba takardar haihuwa zai sha wuya wajen jarrabawar makaranta. Ɗan makarantarmu ɗaya da zai ba da safiya guda ya tsaya mata a gaban tebur ya fi mata mudu goma. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai tsaya ga ɗaure rauni ba. Ya kai mutumin masauki, ya biya, ya kuma yi alkawarin komowa.

Na biyar, idan mun san gida mai bukata kuma na Musulmi ne, mu je ta wurin mai unguwa ko limamin layi, mu haɗa hannu a fili, domin kada a yi mana zaton farauta.

Kada a fahimce ni a karkace

Wani zai ce, ashe kana so ikilisiya ta ɗauke wa gwamnati nauyinta? A'a. Mudun gida ba zai yi wa yara miliyan 2 rigakafi ba, ba zai ja famfo zuwa bayan gari ba, ba zai biya malaman makaranta ba. Wannan aikin hukuma ne, don shi ake karɓar haraji. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Ikilisiya tana da hakkin tuna musu, cikin ladabi, ba da tsoro ba. Amma wace ikilisiya ce za a saurara? Wadda ta shiga gidaje ta ga abin da yake ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugabanninmu ba za su iya yin magana mai nauyi a sama ba sai mu na ƙasa mun kawo musu abin da idonmu ya gani.

Ba na kuma cewa a ƙi buhun waje. Idan ya zo, mu karɓa da godiya. Sai dai ya tarar da mu muna aiki, ya zama ƙari a kan namu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tsohuwar nan tana nan, jikanta ya warke, yanzu a benci na uku take zama. Matan ƙungiyarmu suna kai mata hatsi, ita kuma tana koya musu kaɗin zare. Amma maganarta ba ta bar kunnena ba, ina kuma roƙon Allah kada ta bar shi. Duk lokacin da na tsaya zan koya wa yara cewa ikilisiya iyalin Allah ce, nakan duba can baya kusa da ƙofa, in ga ko akwai wani da yake zaune yana zaton shi ba ɗan gida ba ne. Ina roƙon kowane katekis da kowane dattijo da kowace shugabar mata da za su karanta wannan, Lahadi mai zuwa su ma su duba.

Ubangiji ya buɗe mana ido, ya ƙarfafa mana ƙafa. Amin.